Odar Farin Ƙyalle

Rana ta kusa faɗuwa a kan kogin Martapura. Ruwa ya cika har ya kusa taɓa katakon gidajen da ke tsaye a kan dirkoki. Masliah tana bayan gida inda take rini, tana ɗauraye wani yadin sasirangan, irin rinin ɗaure na yankinsu, da ta gama warware zarensa. Mijinta Hamsan ya ɗaure kwalekwalensa, yana alwala a kan matakala. A cikin ɗaki kuwa, 'yarsu Janah ce zaune gaban kwamfutar yayanta, tana duba ko an yi odar kaya.

Kwamfutar ta Supian ce. Shi ya haɗa ta, shi ya buɗe wa uwarsa shafin sayar da yadi a intanet, ya sa wannan kwamfutar ta riƙe shafin daga kusurwar ɗakinsa, dare da rana ba a kashe ta. Tun da kogi ya ci shi a daminar da ta wuce, ba wanda ya matsar da ita daga teburin. Ciyawa ce ta sarƙe injin kwalekwale can ƙasan gari, ya sunkuya zai cire, ambaliya ta fizge shi. Aka yi ta nema har inda kogi ya buɗe baki, ba a gan shi ba. Sai ga gawarsa da safe a jikin dirkar gidansu, kwance a miƙe, idanu a rufe, kamar an ajiye shi da hannu. Wayarsa ce kawai ba a samu ba.

Masliah ba ta yi kuka ba. Mata suka zo suka yi nasu kukan suka tafi. Ita abin da ya zauna mata a ƙirji fushi ne, kuma ba ta da wanda za ta sauke wa shi sai kogin.

A gidan akwai wata al'ada tun zamanin kakar Masliah. A wurin rinin an bar ɗan rami a katakon ƙasa, ta nan ake zubar da ruwan rini ya bi kogi. Ba a zubarwa sai ya huce. Ba a zubarwa da magariba. Kuma kafin a zuba, sai an ƙwanƙwasa katako da ludayi, a yi bismillah, a yi sallama ga na ƙasa. Supian ma, da duk iliminsa na kwamfuta, bai taɓa tsallake wannan ba. Amma ranar da aka watse daga zaman makokinsa, Masliah ta ɗora babbar tukunya a wuta, ta bari ta tafasa, ta jira ladan ya buɗe baki, ta ja ta zuwa bakin ramin.

"Maman Supian, magariba ce fa," in ji Hamsan.

"Na sani."

"Ki ƙwanƙwasa, ko."

"Kogin da ya ci ɗana, ni zan yi masa sallama?"

Ta kifar da tukunyar. Tururi ya taso ta tsakanin katako ya cika wurin. Hamsan ya ce ya ji kamar wani abu ya yi ƙara a ƙasa, ita ta ce ɓera ne. Daga ranar ba ta ƙara ƙwanƙwasawa ba.

To, a wannan yammacin, Janah ta leƙo daga ɗaki, fuskarta ba daɗi.

"Mama, zo ki ga wata oda."

Masliah ta goge hannu ta shiga. A fuskar kwamfutar an rubuta: farin ƙyalle, kamu biyu, kada a rina, kada a ɗinka. Wurin suna ba komai. Wurin adireshin da za a kai kaya an rubuta: nan gidan.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ba mai sayar da yadi da zai kasa gane abin da ake yi da farin ƙyalle marar ɗinki.

"Wane ɗan banza ne yake min fatan likkafani a gida?"

"Ƙila kuskure ne, Mama."

"Kuskure ya san yadda ake rubuta nan gidan? Goge shi."

Janah ta goge. Washegari da aka kira magariba, odar ta dawo. Jibi ma haka. Kalma ɗaya ba ta canza ba. Masliah ta daina iya cin abinci. Ko ta zauna gaban shinkafa da gasasshen kifi, sai ta ga farin ƙyallen nan a gabanta. Ta binne ɗa ɗaya, saura ɗaya, kuma wani yana zaune a wani wuri yana ƙirga mata na biyun.

"Yayanki ya taɓa ce min duk wanda ya shiga shafin sai ya bar sawu," ta ce wa Janah. "Nemo min sawun."

Janah ba ta yi karatun kwamfuta ba. A shagon waya take aiki, sai ɗan abin da ta tsinta lokacin da take zama kusa da Supian yana korarta. Amma ta san inda kwamfutar take ajiye bayanin masu shigowa. Kowane baƙo da lambar adireshinsa, jerin lambobi da ɗigo a tsakaninsu, wadda ke nuna daga inda ya haɗu da intanet. Ta nemo lambar mai odar, ta bincika ta wane gari ce.

"Jakarta, Mama."

Masliah ta miƙe tsaye a hankali. Mutum ɗaya ta sani a Jakarta: Fauzan, ɗan ƙanwarta Rukayah, wanda ya ce aiki ya hana shi zuwa jana'izar Supian.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta hau gadar katakon da ta ratsa unguwar. Rukayah tana ƙofar gidanta tana jera kek ɗin ayaba a faranti.

"Rukayah! Ajiye wannan ki saurare ni."

"Yaya, lafiya? Ko sallama babu?"

"Sallamar tana wurin ɗanki. Ki gaya wa Fauzan na ga saƙonsa. Bai samu lokacin ɗaukar gawar ɗan'uwansa ba, amma ya samu lokacin aiko min da odar likkafani."

"Wane likkafani kuma? Yaya, kin ci abinci kuwa yau?"

"Kwamfuta ba ta ƙarya. Jakarta ta ce."

"Jakarta! Fauzan kaɗai ne a Jakarta, shi da inuwarsa?"

"Shi kaɗai ne a can ya san na binne ɗa."

Maƙwabta suka fara leƙowa ta taga. Rukayah ta ajiye farantin.

"Ni na yi wa Supian wankan farko da hannun nan. Ba ke kaɗai aka yi wa mutuwa ba, Yaya."

"Naki ɗan yana numfashi. Kada ki ƙara haɗa kanki da ni."

Ta juya ta koma, katako yana amsa takunta. Tana shiga gida ta ce wa Janah ta toshe lambar nan, kada mai ita ya ƙara samun hanyar shafin. Janah ta toshe.

Ranar, da aka kira magariba, oda ba ta zo ba. Masliah ta yi salla, ta zauna a kan tabarma, a karon farko ta ji kamar za ta iya cin abinci. Ta kai loma baki ke nan, wani abu ya daki kwanon rufi da ƙarfi, ya gangara, ya faɗa ruwa. Suka kalli juna. Na biyu ya biyo baya. Na uku kuwa bai tsaya a rufi ba, a tsakiyar tabarma ya sauka, ya fasa kwanon miya.

Hamsan ya ɗauka ya juya shi a hannu. Dutse ne baƙi, jiƙe, gansakuka a jikinsa. Unguwarsu kuwa laka ce da ruwa. Ko tsakuwar gini sai an sayo ta a mota daga tuddai. Yaro zai girma a nan bai taɓa tsintar dutse ya yi jifa ba. Hamsan ya ɗaga fitila ya duba rufin. Ba huda ko ɗaya.

"Yaran Rukayah ne," in ji Masliah.

"Yaran Rukayah suna jifa ta cikin kwano ba su huda shi ba?"

"To uban wa ne?"

Hamsan ya ajiye dutsen. Jifan bai tsaya ba sai da aka kira isha. Da ya tsaya, shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi. A cikin shirun ne suka ji muryar. Daga ƙarƙashin katako take fitowa, daidai wurin rini, ƙasa-ƙasa, irin gunjin da mace ke yi idan tana jijjiga jaririn da ya ƙi barci. Hamsan ya kwanta rub da ciki ya haska fitila ta ramin. Ruwa ne kawai, da ledoji suna yawo a tsakanin dirkoki.

Haka kowace magariba ta koma. Maƙwabta suka daina bi ta gabansu idan rana ta yi ja. Janah ta rame, ta fara farkawa da safe ƙafafunta da laka, ba ta san inda ta taka ba.

Ana cikin haka, wata tsohuwar mai saye ta kira daga Surabaya tana faɗa. Ta ce shafin ya ƙi buɗewa, ko sun daina sana'ar ne ba su faɗa ba? Janah ta gwada da wayarta, shafin ya kore ta ita ma. Ta zauna gaban kwamfutar tun hantsi, ta ƙi zuwa aiki. Ta koma baya ta duba lambar matar Surabaya a odarta ta ƙarshe. Lambar Jakartan nan ce. Ta duba ta wani mai saye daga Medan. Ita ce dai. Ta duba shigar da ta yi da wayarta daga ɗakin nan. Ita ce.

"Mama, ba Fauzan ba ne."

Masliah tana tsuke zare a jikin yadi, ba ta ɗago ba.

"Kowa da lambar nan yake shigowa, har ni. Yaya ya ɗaukar wa shafin mai gadi, wata kwamfuta ce a Jakarta. Duk wanda ya zo, wurin mai gadin yake tsayawa, shi ya shigo da saƙonsa. Tamu kwamfutar fuskar mai gadi kawai take gani. Shi muka toshe, shi ya sa ba mai iya shigowa."

"To sawun da yayanki ya ce ana bari fa?"

"Mai gadin yana liƙa lambar baƙon ta gaskiya a gefen saƙo. Sai an gaya wa tamu ta riƙa duba can. Yaya ya canza kwamfuta gab da rasuwarsa, ina jin bai kai ga gyara wannan ba." Ta juyo ta kalli uwarta. "Kin zagi Inna Rukayah a banza, Mama."

Zaren ya tsinke a hannun Masliah.

"Ban tambaye ki ba. Gyara shi. Ina son in ga lambar ɗan iskan da idona."

Janah ta yi ta fama har la'asar. Ta gyara, shafin ya mutu gaba ɗaya. Ta mayar, ta sake. A ƙarshe ta buɗe wa mai gadin hanya, ta shiga da wayarta, sai ga wata sabuwar lamba ta fito, ta gidansu. Ta rubuta ta a bayan hannunta don kada ta manta. Matar Surabaya ta shiga, ita ma tata daban.

Da rana ta yi ja, su uku suka zauna a ɗakin Supian. Janah ta ce kowa ya ajiye wayarsa a kan tabarma inda za a gan ta. Ladan ya fara kira. Dutse bai faɗo ba. Kafin ya kai ƙarshe, odar ta shigo: farin ƙyalle, kamu biyu, kada a rina, kada a ɗinka, nan gidan.

Janah ta kalli lambar. Ta kalli bayan hannunta. Ta sake kallon lambar.

"Daga ina?" in ji Masliah.

"Daga nan."

"Nan ina?"

"Gidan nan, Mama. Da intanet ɗinmu aka aiko."

Wayoyi uku suna kwance a kan tabarma, ba wanda ya taɓa su. Janah ta buɗe bayanin akwatin intanet da ke manne a bango, inda ake ganin duk wayar da ta haɗu da shi. Ga ta babanta, ga ta Mama, ga tata. Ga ta huɗu. Sunan da ke jikinta shi ne wanda Supian ya sa wa wayarsa don ya tsokani ƙanwarsa: Janah Kar Ki Taɓa.

Hamsan ya fara salati. Masliah kuwa idonta ya rufe. Ta tashi ta fizge wayar wutar akwatin, ta fizge ta kwamfutar, ta tumɓuke duk abin da hannunta ya kai gare shi. Fankar kwamfutar da ba ta taɓa yin shiru ba tun Supian yana raye ta yi ta juyawa a hankali har ta tsaya.

"Ko wane ne, ya ci ɗana, yanzu kuma yana wasa da wayarsa? To na rufe. Ya zo ya same ni!"

Ɗakin ya yi tsit. Janah tana zaune yadda take, kanta a sunkuye. Can ta miƙe, ba irin miƙewarta ba, kamar mace mai nauyin shekaru. Ta fita zuwa wurin rini, ta durƙusa a bakin ramin, ta sa yatsu ta ɓanɓare katakon da aka kafe da ƙusa kamar tana ɓare ayaba. Ta zura ƙafa ɗaya za ta sauka ruwa.

Hamsan ya rungume ta ta baya. Ta wurgar da shi ya daki tukwane. Masliah ta kama gashinta da hannu biyu tana ihu, maƙwabta maza suka shigo da gudu, da ƙyar suka danne ta suka ɗaure da yadi. A hasken fitila Masliah ta ga hannun 'yarta, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya yi ja ya tasa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Janah ta kwana ido buɗe, ba ta ƙifta ba, tana gunjin nan na jijjiga jariri. Da asuba Hamsan ya tada kwalekwale ya nufi saman kogi, ya ɗauko Guru Darham.

Guru Darham tsoho ne ɗan ƙarami, malamin da ya karantar da rabin limaman yankin. Sun iso bayan la'asar, yana riƙe da kwalbar ruwa da ganyen magarya a leda. Ya sallami maƙwabta. Ya zagaya gidan a hankali, ya daɗe tsaye a bakin ramin rini yana kallon ruwa. Sannan ya zauna kusa da kan Janah, ya murza ganyen a ruwa, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Rana ta sauka, inuwar dirkoki ta miƙe a kan kogi. Da ya shafa mata ruwan a goshi, Janah ta banƙare, ta yi wata ƙara da ta sa kwanon rufi ya amsa. Sai murya ta fito daga bakinta, ta mace, mai kauri, a shaƙe.

"Ya isa, tsoho. Ƙona ni kake yi. Gidan nan ba su iya komai ba sai ƙuna?"

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Ina ƙarƙashin katakon nan tun kakar mai rinin nan tana goyo."

"Musulma ce ke?"

"Ladan ɗaya muke ji da ku."

"To kin san abin da kike yi zalunci ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ɗana ma bai yi wa kowa komai ba." Idanun Janah suka juya suka tsaya a kan Masliah. "Tambayi mai rini. Shekara da shekaru ana ƙwanƙwasa mana, mu janye yaranmu. Ranar nan ba a ƙwanƙwasa ba. Ina shayar da shi a gindin dirka, ruwan ya sauko. Ya yi ta kuka har fatarsa ta saɓule. Bai kai wata ba ya tafi."

Fushin bai saki Masliah ba. Ta matso.

"Ke kika fara! Ke kika ja min ɗa cikin ruwa!"

"Ni na mallaki ruwa? Ambaliya ta kashe shi, kamar yadda take kashe namu. Can ƙasan gari na same shi a cikin ciyawa, ya riga ya tafi, ruwa yana jansa teku. Na gane shi, yaron da ke yi mana sallama kullum. Na goyo shi na hayo da shi, ruwa yana dukan ƙirjina, don ki samu abin binnewa. Idonsa a rufe kika same shi. Wa kike zaton ya rufe?"

Hamsan ya kifa kansa a gwiwa.

"Me ya sa ba ki nemi hakkinki ta hanyar da ta dace ba?" in ji Guru.

"Na nema! Wayar yaron tana hannuna. Na ga yadda mutane ke tambayar ƙyalle a gidan nan, na bi layi kamar kowa. Ban ce ta biya ni ɗana ba. Abin da zan naɗe shi na roƙa. Na faɗi girmansa, na faɗi inda nake. Ta goge. Na sake, ta goge. Ta toshe ƙofa, na yi jifa. Ta tumɓuke ƙofar gaba ɗaya. Har yanzu yana hannuna, tsoho, ban binne shi ba. Yanzu ba na son ƙyalle. Ɗa a madadin ɗa. Da wannan zan sauka."

"Ba za ki sauka da ita ba." Guru bai ɗaga murya ba. "Ba ta san da ɗanki a wurin ba, kuma ko ta sani, ba a kama 'ya da laifin uwa. Kin san wannan kamar yadda na sani. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu har ki ƙone ƙurmus, sannan ba mai binne ki, ba mai binne shi."

Ya ci gaba da karatun. Janah ta yi ta birgima a cikin ɗaurin, jijiyoyin wuyanta sun tashi, jini ya fara fita ta hancinta. Masliah ta ga numfashin 'yarta yana yankewa. Ta faɗi a kan gwiwoyinta ta riƙe hannun malamin.

"Guru, tsaya. Don Allah tsaya." Ta juya ga fuskar Janah. "Ni na zuba. Da gangan na zuba, ina sane da magariba ce. In rai kike so, ga ni. Ki bar min ita."

"Me zan yi da ke?" in ji muryar. "Ke da ni abu ɗaya ne. Hannu biyu ba komai a ciki."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran magariba. Ba wanda ya motsa har aka gama.

"Kawo ƙyallen," in ji muryar, a gajiye. "Da hannunki."

"Da sharaɗi," in ji Guru. "Ki rantse da wanda ya halicce ki za ki fita daga jikinta, ba za ki dawo ba, kuma za ki bar ƙarƙashin gidan nan."

"Ko ba ka ce ba. Ka ga zan iya zama a gindin dirkar nan kuma? Na rantse."

Guru ya dubi Masliah. "Ki ji da kyau. Wannan ba hadaya ba ce, ba bauta ba ce. Likkafani ne kike ba maƙwabciya. Tashi."

Masliah ta buɗe akwatin da take ajiye farin yadin da ba a rina ba. Ta auna da hannunta, kamu biyu, ta yaga. Sai da ta ninke shi ta ga ƙanƙantarsa. Duk kwanakin nan tana karanta kamu biyu, fushi ya hana ta lura cewa ba zai rufe Janah ba, ba zai rufe kowane babba ba.

Ta je bakin ramin ta durƙusa. Ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa katako, ta yi bismillah, ta yi sallama. Ta zura hannu biyu har ruwa ya kai mata gwiwar hannu. Ƙyallen bai yi iyo ba. An karɓe shi daga hannunta a hankali, yadda ake karɓar kaya daga hannun mutum.

Ta dawo ɗaki da gudu, ruwa yana ɗiga daga yatsunta.

"Tsaya. Kafin ki tafi. Da kika same shi, yaya fuskarsa take? Ya sha wuya?"

Idanun Janah suka kalle ta, suka daɗe.

"Da ina maƙwabciyarki ba ki tambaya ba."

Janah ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido, nata ne. Ta ce, "Mama, wa ya ɗaure ni?" Sai a lokacin Masliah ta yi kukan da ba ta yi ba tun damina, tana kwance ɗaurin, tana zagin ƙullin da ya ƙi warwaruwa.

Da safe Hamsan ya sauka alwala, ya ga wayar Supian a kan matakalar ƙarshe, an ajiye ta a tsakiya, laka ta cika kowace kafa a jikinta. Ba ta ƙara kamawa ba. Jan da ke hannun Janah ya baje cikin 'yan kwanaki. Ta mayar da wayoyin wuta, kwamfutar ta tashi, odoji suka dawo, kowa da lambarsa. A akwatin bango, waya uku ce kullum.

Masliah ta hau gadar katako ta je gidan Rukayah. Ta yi sallama, ta tsaya a ƙofa ba ta shiga ba. Rukayah ta kalle ta daga sama har ƙasa, ta yi tsaki, ta tura mata kujera da ƙafa.

"Zauna ki ci kek, Yaya. Kin koma kamar sandar tuƙi."

Yanzu Masliah ba ta zubar da ruwan rini sai ya huce, kuma da rana tsaka. Takan durƙusa a bakin ramin, ta ƙwanƙwasa da ludayi, ta yi sallama. Kakarta da uwarta suna gama sallama suke zubawa. Ita takan jira, kunnenta a jikin katako. Ruwa yana wucewa tsakanin dirkoki, ba komai a ciki sai ledoji. Wata rana takan sake ƙwanƙwasawa, da ƙarfi, har Hamsan ya leƙo ya ce za ta fasa ludayin.